Shirun Inji da Amanar Bakanike

A Takieta ne hanyar da ta taso daga Maradi zuwa Damagaram take haɗuwa da wadda ta yi kudu ta Matamaye ta nufi Daura da Kano, kuma tun kafin garin ya zama gundumar kansa a 2011 babur ne jakin mutanen karkararsa: shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Shi ya sa tambayar da ke biye ba ƙarama ba ce. Ɗan kabu-kabu ya kawo babur yana kaf-kaf, bakanike ya sa sifana ya ɗaure noti guda, ƙarar ta ɗauke, aka biya shi. Kuɗin nan halal ne? Ni a ganina hukuncin yana rataye ne ga abin da bakaniken ya faɗa wa mai babur, ko ya ɓoye masa.

Sai an san abin da ake ɗaurewa kafin a gane dalili. A cikin injin babura irin su Boxer akwai wata 'yar sarƙa, taimin cen, wadda ke haɗa juyawar ƙasan inji da sandar da ke buɗe bawul, ƙasa ta juya sau biyu, sama sau ɗaya. Yau da gobe gaɓoɓinta suna cinyewa, balle inda ƙurar hunturu ke shiga kuma ba a juye baƙin mai a kan kari, sai ta yi sako-sako tana dukan bango. Gwani yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kanga kunne da ƙotar. Ƙarar bawul siririya ce, daga can sama take fitowa. Ta sarƙa kwaramniya ce daga gefe, ta fi fita in inji na tsaye a silo. Bugun konrod kuwa mai nauyi ne daga ƙasa, yana ƙaruwa in an ja mai. Inda abin ɗame sarƙar na hannu ne, akan kwance notin kulle, a murza ƙusar da yatsu har ƙarar ta lafa, a ɗan dawo da ita baya kaɗan, sannan a kulle. Wannan gyara ne na gaskiya muddin sarƙar na da sauran rai. In ta riga ta mutu, matsewar za ta kawo shiru, amma robar da sarƙar ke bi za ta cinye, kuma ranar da sarƙar ta tsallake haƙori bawul na iya karo da fistin a tsakiyar daji.

Shirun guda ne a hali biyun, kuma bakanike kaɗai ya san wanne ne. A nan fiƙihun Malikiyya, wanda malaman Damagaram ke karantarwa a zaure, yake da abin cewa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka karɓa suka keɓe da su, domin mai kaya ba ya ganin abin da ake yi a bayan idonsa. Cikin inji ɓoyayye ne ko da mai babur na tsaye a kan bakanike. Hadisin da Muslim ya ruwaito na mai tarin abinci, wanda ya bar jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya nuna cewa ha'inci ba sai an yi ƙarya da baki ba, don mutumin bai furta ƙarya ba aka tsawata masa. Ƙarar inji ita ce kaɗai hanyar da mai babur ke sanin akwai ciwo. Wanda ya kashe ta ya yi gum, ya raba shi da saninsa.

Za a ce mai babur talaka ne, ba shi da kuɗin sabuwar sarƙa, kuma in babur bai fita yau ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Wannan gaskiya ce mai nauyi, kuma ban ce a hana shi lallaɓawa ba. A matse masa, amma a ce masa: «Malam, na lallaɓa maka ne, sarƙar nan ta gama, kada ka yi doguwar tafiya da kaya.» Da wannan magana zaɓi ya koma hannunsa, shi zai auna tsakanin cefanen yau da fashewar inji gobe. Rashin kuɗi bai sa mutum ya rasa haƙƙin sanin halin dukiyarsa ba.

Za a kuma ce kunne zato ne, bakanike bai buɗe inji ba, ta yaya za a kama shi da abin da bai tabbatar ba? Ba a nemi ya san gaibu ba. An nemi ya faɗi zaton a matsayin zato. Kuma akwai alamar da ba ta buƙatar kunne: in ƙusar ta shige har ƙarshen zarenta sarƙar ba ta ɗamu ba, babu sauran kokwanto.

Inda lallaɓawa ba ta da mafaka ko kaɗan shi ne in mai babur ya ce a kashe ƙarar don zai kai babur ɗin kasuwa ya sayar. Yardarsa ba ta wanke bakanike, domin wanda za a cuta ba ya wurin balle a nemi tasa yardar. Malikiyya sun ba mai saye damar mayar da kaya in aibin da aka ɓoye ya bayyana, sai dai wanda ya sayi babur ranar kasuwa ya wuce da shi ƙauyen Tirmini ko Dakusa da wuya ya sake ganin mai sayarwa.