Funfunar Ƴaƴan Itace da Hukuncin Ruɓa

Funfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iska, ido ba ya ganinsu, sai sun sami danshi da zaƙi sannan su tsiro. A Tunuga, cikin ƙasar Gaya wadda ta fi ko'ina a Nijar samun ruwan sama, mangwaron da ya faɗo da farkon damina ba ya daɗewa a gindin bishiya ba tare da ta hau shi ba.

Da launi ake fara gane ta. Wadda ke kama lemu tana soma fara, sannan ta koma kore mai gari-gari, jinsin Penicillium ke nan. Akwai mai gashi kamar kaɗa da ɗigon baƙi a kai, ita ce Rhizopus. Baƙar da ke kama da baƙin tukunya, wadda ake gani a mangwaro da albasa, sunanta Aspergillus niger, kuma kalmar ta biyu Latin ce mai nufin baƙi, ba ta da alaƙa da sunan ƙasa. Launi dai alama ce kawai, tabbacin jinsi sai an duba da madubin ƙara girma.

Shin abin da ya ruɓe najasa ne? A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Dendi, yankin da Gaya take, da ƙasar Hausa, tsiro mai tsarki ne, ruɓa ba ta fitar da shi daga tsarki. Littafin Muhtasar Halil ya ware ruɓaɓɓen ƙwai da abu mai sa maye daga masu tsarki, amma ruɓaɓɓen mangwaro ko ya ɓata riga ba ya hana salla. Akwai wani abin lura a nan: yis, wanda shi ma dangin funfuna ne, yana mai da zaƙin ɗan itace giya, giyar kuma idan ta rikiɗa ta zama khal sai ta tsarkaka. Hukunci yana bin halin da abu yake ciki, ba asalinsa kaɗai ba.

Tsarki daban, halaccin ci daban, domin shari'a ta hana mai cutarwa ko da mai tsarki ne. Aspergillus flavus, mai kama gyaɗa da masarar da ba su bushe ba, tana fitar da gubar aflatoksin mai jawo ciwon dajin hanta, dahuwa kuma ba ta kashe gubar. An gano gubar bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Al'adar yanke gefen da ya ruɓe a ba yaro sauran ba ta da kyau, domin a ɗan itace mai taushi zaren funfunar ya riga ya ratsa ciki.

Duk da haka ba a kiran halittar ɓarna. Daga wani jinsin Penicillium Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a Landan a 1928. Funfuna ce kuma ke narkar da ganye da ƴaƴan da suka zube, su koma taki a gindin uwarsu.