Idan Kujera Ta Kuɓuce, Me Ya Rage?

Ɗan'uwa mai karatu, in aka raba mutum da rawaninsa da gidansa da garinsu, me ya rage masa?

A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashin Turawa, ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bar gonakinsu suka bi shi. A watan Yuli na wannan shekara aka kashe shi a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tattara waɗanda suka tsira, suka ci gaba da tafiya har Sudan, suka sauka a bakin reshen Kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha. Da suka iso, sai suka tarar Turawan da suka guje wa su ne ke mulki a nan ma.

Mai Wurno bai sake komawa Sakkwato ya hau gadon ubansa ba. Amma shi da mutanensa ba su zauna suna kukan jiya ba. Suka sare daji, suka yi noma, suka kafa gari kusa da Sinnar wanda har yau ake kira Mai Wurno. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, Hausawa da Fulani da yawa suka yi aikin auduga a Jazira, ƙauyukansu suka yaɗu.

A Turai ma an ga irin wannan. A watan Janairu na 1795 juyin juya hali ya kai ƙasar Holan tare da sojojin Faransa. Shugabanta, Yarima Wiliyam na biyar na gidan Orange, ya shiga jirgin masunta ya tsere Ingila, ya mutu a baƙunci a 1806. Ɗansa ya koma gida a 1813, ya zama sarki a 1815. Wani gida ya koma, wani bai koma ba. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

To, ka lura. Komawa ba a hannun mutum take ba, ikon Allah ne. Abin da ke hannunka shi ne yadda za ka zauna a inda ka sami kanka. Kujera aro ce. Gaskiya da haƙuri da aikin hannu kuwa, ba sojan da zai ƙwace su a kan hanya.

Wannan ba tsohon labari ba ne kawai ga mutanen Wad Haddad da ƙauyukan kewaye. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya kai Jazira a ƙarshen shekarar, ya sa jikokin masu hijira sun sake ɗaukar kaya a ka.

In kai ne ka rasa gida, kada ka ce rayuwa sai ran da ka koma. Shuka abin da ka samu, koyar da yaranka, riƙe amanar maƙwabcinka. In kuma kai ne mai masauki, kada ka auna baƙo da tsummansa, gama ba ka san abin da ya baro ba, ba ka kuma san gobenka ba.

Abin tunani: in an karɓe muƙaminka yau, wane hali mutane za su tarar a wurinka?