Wane Ne An?

A shekarar ƙarshe ta karatuna na digiri na rubuta kundi a kan durƙushewar masaƙun Kakuri da ke Kaduna. Tattara bayanai bai ba ni wuya ba. An kafa masaƙar KTL a 1957. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, ƙasar Sin ta shiga a ƙarshen 2001, sannan atamfa mai araha ta cika Kantin Kwari. Na jera waɗannan reras, na raɗa musu suna dunƙulewar duniya, na ɗauka na gama.

Ana cikin haka na zauna da wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa, yanzu kuma yake gadi. Ya saurare ni da haƙuri, sannan ya ce, "Ɗana, tun ɗazu kake cewa an buɗe iyaka, an rufe masaƙa, an sallame mu. Wane ne wannan An ɗin? Tun 1999 ban taɓa fashin zaɓe ba, amma ban taɓa ganin fastarsa a bango ba."

Na ce, "Baba, kasuwa ce." Ni kaina ban gamsu da amsar ba.

Masanin tattalin arzikin nan Dani Rodrik ya yi bayani a littafinsa na 2011 cewa ƙasa ba za ta haɗa abu uku a lokaci guda ba: buɗe kasuwa gaba ɗaya, da cikakken ikon kanta, da dimokuraɗiyya. Dole ɗaya ya raunana. Da na karanta shi na ji sanyi a raina, domin ya fassara mini ƙorafin Baba: an yanke hukuncin abincinsa a inda ƙuri'arsa ba ta kaiwa. Sai dai daga baya na fara zargin wannan sanyin. Ba a Janiba aka ɗauke wutar Kakuri ba. Ba baƙo ne ya kau da kai daga 'yan fasa-ƙwauri a kan iyakokinmu ba. Waɗanda suka yi haka suna da ofis da hatimi, wasunsu ma da ƙuri'ar Baba suka hau kujera. Kalmar dunƙulewar duniya babbar riga ce, mai laifi kan shige cikinta ya ɓace, kuma sau da yawa mu masu bincike ne telolinta. Muna rubuta "an" domin a ce ba mu ɗauki ɓangare ba, alhali wanda aka ɓoye sunansa shi ya ci ribar shirunmu.

Abin da ya fi damuna shi ne, a Sallar wannan shekarar na saya wa mahaifiyata turmin atamfar waje, domin ita ce daidai aljihun ɗalibi. Ta yi murna, ban kuma yi nadama ba. Ashe ni ma ina da ɗan kaso a cikin An.

Na koma babi na huɗu na bi kowane "an" da jan biro. Inda hujja ta ba ni dama na rubuta wanda ya aikata. Malamin da ke duba aikina ya ce harshen ya yi zafi, muka yi ta ja-in-ja har ya bar mini rabi. Sauran suna nan yadda suke. Kwafin da na yi wa Baba alkawari kuwa har yau yana cikin jakata.