Hannun da Muke Janyewa

'Yan'uwa, idan an zo gaisuwar salama a Misa, wasunmu kan janye hannu daga wanda ake raɗe-raɗin yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Taka-tsantsan ne wannan, ko hukunci? Ƙwayar tana bi ta jini, da jima'i, da allura ko askar da aka yi tarayya, da kuma daga uwa zuwa jariri. Ba ta bi ta gaisawa, ko cizon sauro, ko cin tuwo a kwano ɗaya. A ganinmu, tsoron da yake ƙasƙantar da ɗan'uwa a gaban bagadi, alhali sanin gaskiya yana kusa, ya zama laifi. Wanda kuwa yake zaton ya gamu da ƙwayar, ya hanzarta zuwa asibiti: akwai maganin kariya na kwana 28 da ake farawa kafin awa 72 su cika, sannan a yi gwaji.