Hanya A Gonar Wani: Aro Ce Ko Mallaka?

'Yan'uwa marubuta, ga wata tambaya da ba mu cika kawo ta cikin rubuce-rubucenmu ba, alhali tana nan kwance a bakin gonakin iyayenmu. Idan hukuma ko kamfani suka karɓi wani yanki na gonar mutum domin su ratsa da bututu, ko magudanar ruwa, sannan daga baya ta bayyana cewa rabin abin da aka karɓa ma ya ishe su, shin ragowar ta wace ce? Ta wanda ya karɓa, tunda ya riga ya riƙe, ko kuwa ta mai gona, tunda dalilin karɓar ya ragu?

Bari mu fara da abin da ke kusa. A ranar 30 ga Yuni, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614. Wannan bututu bai zo Haɗejiya ba, amma duk wanda ya ga yadda ake irin wannan aiki ya san cewa a lokacin haƙa ana buƙatar fili mai faɗi, saboda manyan motoci da tulin ƙasa da wurin jera bututu. Idan aka binne aka rufe, abin da ake buƙata domin tsaro da gyara bai kai wancan faɗi ba. Mu kuma a nan ƙasar Haɗejiya mun san irin wannan a wata kama. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, aka zo aka gina ta Challawa a 1992, magudanan noman rani da hanyoyin da ke gefensu sun ratsa gonakin mutane, musamman a wajen Auyo. Kafin su ma, layin dogo na Kano zuwa Nguru ya keta ta Malam Madori. Saboda haka maganar ba baƙuwa ba ce gare mu.

Da farko dai, babu mai hankalin da zai ce mai gona yana da ikon hana a ratsa gonarsa ko ta halin ƙaƙa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Halifa ya so ya jawo ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Da magana ta je gaban Sayyidina Umar, ya lallashe shi, ya nuna masa cewa abin ba zai cuce shi ba, hasali ma zai amfana da ruwan. Da ya dage a kan ƙi, sai Halifa ya ba da umarni a ratsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ma ta ba gwamna ikon soke haƙƙin zama a fili saboda amfanin jama'a, kuma ta ambaci bututun mai da sunansa. Ke nan shari'a da doka sun haɗu a kan cewa gonar mutum ɗaya ba ta tare wa gari hanya.

To amma a duba abin da Sayyidina Umar ya bayar. Hanyar ruwa ya bayar, bai ba da gona ba. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa larura ana auna ta ne gwargwadonta. Wanda yunwa ta tilasta wa cin abin da aka hana, zai ci ne daidai abin da zai tsare ransa, ba zai kafa tukunya ya kira biki ba. Haka take ga wanda buƙatar jama'a ta buɗe masa ƙofar gonar wani. Buƙatar ce ta shigar da shi, ita ce kuma iyakarsa. A ce an karɓi faɗin taku 30, aiki ya ƙare, ya zama taku 10 sun wadatar. Waɗancan taku 20 da suka rage, da wane dalili ake riƙe da su? Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Raɓar da ta ƙi tashi har rana ta take, ta zama wani abu dabam.

Wani zai ce ai an biya diyya, ciniki ya faɗa. Wannan hujja tana da nauyi, amma a tuna cewa diyyar da aka saba biya a ƙasar nan ta abin da ke bisa ƙasa ce, wato shuka da itatuwa da gini. Kuɗin damina ɗaya ko biyu ba su sayi daminar 'ya'ya da jikoki ba. Kuma ciniki na gaskiya yana buƙatar yardar mai sayarwa, shi kuwa manomin da aka zo wa da takardar gwamnati ba a tambaye shi ko yana so ba. An ce masa jama'a ce ke buƙata, ya haƙura. Idan aka wayi gari filin nan yana zaune ƙaya ta cinye shi, ko kuma, abin da ya fi muni, wani mai hanya ya samu ya kafa rumfuna yana karɓar haya, to an mai da haƙurinsa wauta, an kuma koya wa maƙwabtansa cewa kalmar "amfanin jama'a" tarko ce.

Sai dai in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Akwai bambanci tsakanin buƙatar da ta mutu da wadda take barci, kuma a nan ne mu manoman fadama muka fi yin tuntuɓe. Burtali yakan yi watanni babu ko saniya ɗaya a kansa, sai mai gonar gefe ya ga kamar banza ce, ya ci taku biyu bana, ya ci uku baɗi. Ranar da garke ya dawo ya tarar da hanya ta toshe, abin da ke biyo baya mutanen Guri da Kiri Kasamma sun fi kowa saninsa. Haka tsohuwar hanyar ruwa: ta bushe shekaru, ciyawar kachala ta cike wani sashe, mutane su gine wani, sai ambaliya irin ta 2020 da 2022 ta zo tana neman inda ta saba bi. Shi kuwa bututun mai ya fi su haɗari. Gobarar da ta tashi a Jesse ta Jihar Delta a watan Oktoba na 1998 ta ci rayuka sama da 1,000. Filin da aka bari fayau a kan bututu yana aiki ko da ido bai ga aikinsa ba.

Ke nan manomi ba shi da ikon ya yanke wa kansa hukunci da fartanya, ya ce buƙata ta ƙare. Amma wannan ba ya wanke mai riƙe da fili. Akasin haka ma, nauyi ya ƙaru a kansa, domin shi ke da injiniya da safiyo da taswira, shi ya san abin da yake buƙata da abin da ya yi masa yawa. Wanda ya sani ya yi shiru, don kawai mayarwa tana da wahalar takardu, ko don gobe ko jibi wataƙila a nema, ya riƙe amana ba bisa ƙa'ida ba. Kuma idan za a saki, a saki a fili: a auna, a kafa sababbin turaku, a kira dagaci da mai unguwa da maƙwabta, a rubuta abin da aka mayar da abin da aka riƙe da sharaɗin da ke kansa, kamar hana gini ko dasa itace mai zurfin saiwa. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani take magana a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Sakin da aka yi da fatar baki, gadon rigima ne ake bar wa 'ya'ya.

A ganina, ba a gane adalcin mai ƙarfi a ranar da ya karɓa, domin karɓa kowa ya iya, kuma dalili ba ya wuyar samu. Ana gane shi ne a ranar da ya dawo da abin da babu mai iya tilasta masa dawowa da shi. Mun cika littattafanmu da labarin ƙwace da zalunci, kuma ba laifi. Amma har yanzu ina jiran alƙalamin da zai zana mana ma'aikacin da ya ɗauko tsohon fayil, ya bi sawun magada har ƙauye, ya ce musu ga taku 20 na mahaifinku. Abin da al'umma ba ta taɓa gani ko a labari ba, da wuya ta neme shi a ofis.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kuma ba mu ikon sakinta idan lokacinta ya yi, amin.