Algus a Zuma: Wa Aka Cuta?

Duk wanda ya tsaya sayen zuma a kanti ko a bakin titi, tambayarsa ɗaya ce: "Mai kyau ce kuwa?" Mai sayarwa ya rantse, mu biya, mu tafi gida zuciya ba ta kwanta ba. A gida kuma sai gwaje-gwaje: a ɗiga ta a ruwa, a tsoma ashana a kyasta, a ajiye a ga ko tururuwa za su taru. Babu ɗaya daga cikinsu da yake tabbatar da kome, domin sukarin da aka narkar da gwaninta yakan tsallake su duka.

Ba mu kaɗai ne ke cikin wannan damuwa ba. A shekarar 2023 Tarayyar Turai ta bayyana sakamakon binciken zumar da ake shigarwa ƙasashenta: cikin samfuri 320, an yi zargin an gauraya 147 da ruwan sukari. In masu manyan na'urori sun tsaya a kan zargi, ina ga mai ashana?

Wani zai ce, ai sukari ba guba ba ne, wa aka cuta? An cuci uwar da ta ƙulla kuɗinta a bakin zane don ta samo wa ɗanta maganin tari. Amma akwai wanda cutarsa ta fi wannan zurfi, wato mai amya na gaskiya. Shi ne ya hau itace da dare, ya sha hayaƙi, ya san abin da ake nufi da zuma da zaƙi da harbi. Ya kawo kayansa kasuwa, ya tarar maƙwabcinsa ya karya farashi da ruwan mazarƙwaila. Abin takaici, zumar gaske takan daskare idan ta jima, musamman a lokacin hunturu, sai mu ce, "Ga sukarin ya fito!" mu mayar masa. Mai algus ya saci kuɗin mutum ɗaya, ya haɗa da mutuncin dukan masu sana'ar.

Annabi Amos ya tsawata wa 'yan kasuwar Isra'ila masu tauye mudu da sayar da ƙaiƙayi a cikin alkama. Katekisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya lissafa ha'incin ciniki cikin laifuffukan da suka saɓa wa doka ta bakwai. Saboda haka algus sata ne, ko da ba a fasa ɗakin kowa ba.

Sai dai mu ma masu saye kada mu yi saurin wanke hannu. Idan muka taya kwalba a kan kuɗin da muka san bai kai wahalar mai ita ba, muka kuwa nace, mu ne muke tura shi ya zaɓa tsakanin yunwa da ƙarya.

Ga wanda ya riga ya faɗa cikin wannan hali, furta zunubi a gaban Fada bai wadatar ba. Ikkilisiya tana bukatar a mayar da abin da aka ci. To, yaya za a mayar wa matafiyan da ba a san sunansu ba? Tun dā malamanmu sun amsa: a ƙiyasta haramtacciyar ribar, a ba matalauta, gobe kuma a faɗa wa mai saye ainihin abin da ke cikin kwalbar.