Tsimin Tsoho: Hikima Ne Ko Rowa?

Ya mai karatu, akwai tambaya wadda masu neman hanya sukan yi: idan mutum ya bar aiki, ya kama ƙidayar kowace tiya ta hatsi da ke fita daga rumbunsa, ashe bai zama marowaci ba? Tambaya ce mai nauyi, gama yawancin ma'aikatan gwamnati sukan bar aiki sa'anda suka cika shekara 60, ko suka yi shekara 35 suna aiki. Albashi ya tsaya, amma bakunan da ke cikin gida ba su ragu ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, kuɗin mota da na abinci suka hau, fansho bai iya bin sawunsu ba.

Ka dubi madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. Da damina takan tare ruwa, da rani ta sake shi, masu lambu da masunta su samu abinci. Da ba ta tarewa, da ruwan ya wuce a banza. Da ba ta sakewa, da ba ta da amfani ga kowa. Tsimi ke nan: tarewa domin a sake a kan kari. Rowa kuwa tarewa ce wadda ba ta da ƙofa.

Saboda haka dattijo a Rogo wanda ya sayi masara da dawa da kaka, sa'anda suke araha, ya ajiye har bazara, bai yi laifi ba. Haka kuma wanda ya kai tsohuwar rigarsa wurin tela, ya shuka zogale a bayan ɗaki, ya kiwata awaki biyu, ya ƙi cin bashi domin ankon biki. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda giratuti ya zo hannunsa, ya sayi mota domin a gan shi, shi ne abin tausayi, gama giratuti sau ɗaya yake zuwa, mota kuwa kullum tana shan mai.

Amma fa ga inda tsimi yakan ruɓe. Akwai tsohon da yakan bar maganin hawan jini domin kada kuɗi su fita, ya bar matarsa da zane ɗaya, ya ji jikansa an kore shi daga makaranta ya yi shiru, alhali takardun kuɗi suna kwance cikin gwangwani. Wannan ba tanadi ba ne, tsoro ne. Ko kuɗin ma ba su tsira ba, gama abin da suke saya a 2022 ya fi abin da za su saya yau nesa.

To, ya ɗan'uwana, ga ma'auni. Kafin ka ɗaure bakin buhu, ka tambayi zuciyarka: domin wa nake ajiyewa, yaushe kuma zan kwance? Idan kana iya ambaton mutum da rana, wato iyalinka da bazara, ko maraya a ƙofarka, ajiyarka amana ce daga Allah, ka riƙe ta ba kunya. Idan kuwa ba ka da amsa, ka kwance buhun yau, ka auna wa maƙwabcinka tiya guda, tun hannunka bai manta da bayarwa ba.